Daga Ɗan Kan Tsani Zuwa Sarkin Gobe: Masu Shirin Jarrabawar Wi-Fi

Jarrabawar CWNA ba ta da tsawo. Tambayoyi 60 ne cikin minti 90, kuma duk wanda ya samu kashi 70 cikin ɗari ya haye, wato ya ci tambaya 42 ke nan. Mai son ya riƙa koyar da ita kuwa sai ya kai kashi 80. Kamfanin CWNP na Amurka, wanda aka kafa a 1999, shi ke shirya ta, kuma a kanta ake ɗora sauran manyan takardun sana'ar: CWSP ta tsaro, CWDP ta tsara hanyar sadarwa, CWAP ta bin diddigin saƙonnin da ke yawo a iska, sannan can ƙololuwa CWNE. Abin da ya raba ta da jarrabawowin kamfanoni irin su Cisco shi ne ba ruwanta da sunan da ke jikin akwati. Ita dai tambayarta me ya sa abin ke aiki, me kuma ya sa yake ƙin aiki.

Sai dai wannan awa ɗaya da rabi tana da wani aikin da ba a rubuta a takardarta ba, wato tona halin mutum tun watanni kafin ranarta. Abin da ake karantawa ido ba ya ganinsa, hannu ba ya taɓa shi. Sigina ce kawai take ratsa bango, ta bugi kwanon rufi ta dawo. Kowa kuwa da yadda yake tunkarar abin da ba ya gani. Wanda ya zauna da masu wannan shiri, a Kano ne ko Abuja ko Yamai, ba zai daɗe ba zai fara gane su tun daga nesa.

Wanda ya fi kowa ƙarfin murya a cikinsu shi ne ɗan kan tsani. Shekara da shekaru yana kafa Wi-Fi a otal-otal da makarantun kuɗi da gidajen masu hali. Ya huda bango iya hudawa, ya hau ƙarfen sabis da rana tsaka, tafin hannunsa duk kanta. A cewarsa ba ilimi ya zo nema ba, wani kamfani ne ya ce ba kwangila sai da takarda. Idan yaronsa ya miƙo littafi ya ce, “Oga, ga babin da aka ce a karanta,” sai ya ture. “Kai, ni za a koya wa Wi-Fi? Tun kana firamare nake wannan aiki.”

Dokokinsa uku ne, kuma ya rantse a kansu. Ta farko, a ƙure wa kowane akwatin Wi-Fi maleji, akwatin nan da 'yan sana'ar ke kira AP. Ta biyu, duk inda aka yi ƙorafi a ƙara wani. Ta uku, a ɓoye sunan Wi-Fi ɗin, shi ke nan an gama da ɓarayin data. Ranar da ya zauna gwajin farko a kwamfuta sai ya ga kamar da shi ake, domin dokokin nan nasa su ne amsoshin da ake ajiyewa a matsayin tarko.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tashar Wi-Fi tamkar fadar hakimi take: mutum ɗaya ke magana a lokaci guda, mai ta cewa sai ya kasa kunne, ya ji an yi shiru, ya ɗan dakata, sannan ya buɗe baki. Wannan tsari shi ne CSMA/CA. A zangon gigahaz 2.4 tashoshi uku ne kacal ba sa hawa kan juna, 1 da 6 da 11. Idan aka jera AP goma a bene ɗaya, kowanne na ihu iya ƙarfinsa, to duk waɗanda suka faɗo tasha ɗaya suna jin juna, kuma dole su riƙa jiran juna. Sandunan sigina a waya sun cika taf, amma hoto ɗaya ya ƙi buɗewa. Ga kuma wata: ko da AP zai yi ƙarar da za a ji shi a bakin titi, wayar da ke aljihu ba ta da irin wannan maƙogwaro, sai ta riƙa jin sa shi ba ya jin ta. Ɓoye suna kuwa bai taɓa hana kowa komai ba, tunda duk sanda wata waya ta zo haɗawa sai ta ambaci sunan a fili, mai saurare ya ji.

Tambayar da ta fi ɓata masa rai ita ce: idan mutum na tafe da waya daga wannan ofis zuwa wancan, wa ke yanke shawarar barin wannan AP a koma wancan? Shi a saninsa akwati ke mulki. Littafi ya ce waya ce. Ya yi kwana biyu yana musu da littafi.

Amma kada a raina shi. Idan aka zo babin haɗa gini da gini ta eriya, shi ne malami. Ya san layin da ya haɗa da rani yana tafiya lafiya lau zai iya fara tangarɗa da damina, saboda darbejiyar da ke tsakani ta yi sabon ganye ta ƙara tsawo, ko da kuwa har yanzu ana hango ɗaya eriyar da ido. Ya sha biyan mai gatari ya rage rassa. Da aka nuna masa cewa sigina ba a siririn layi take tafiya ba, tana buƙatar fili kewaye da layin, kuma ƙa'ida ita ce aƙalla kashi 60 na wannan fili ya zama ba abin da ya tare shi, sai ya gyaɗa kai ya ce ai tuni ya sani. Da aka ƙara masa da cewa sunan wani Bafaranshe aka sa wa filin, Augustin Fresnel, kuma mutumin ya mutu tun 1827, sai ya ce to ai shi bai taɓa hawa ƙarfe ba.

Kishiyarsa shi ne mahaddaci. Wannan yawanci bai daɗe da gama jami'a ba, ko yana jiran tafiya bautar ƙasa, kuma Allah ya ba shi kai. A tashe shi daga barci a tambaye shi tarihin 802.11, ƙa'idar Wi-Fi, zai zubo shi ba gargada: na asali a 1997 mai gudun megabit 2, sai b da a a 1999, g a 2003, n a 2009, ac a 2013, har zuwa ax da be, waɗanda kasuwa ta sani da Wi-Fi 6 da Wi-Fi 7. Ya san i na tsaro ne, e na fifita murya da bidiyo, h na kauce wa radar, r na saurin sauya AP. Ya san IEEE ke rubuta ƙa'ida, Wi-Fi Alliance ke gwada kaya ta buga musu tambari, hukumar kowace ƙasa kuma, FCC a Amurka, NCC a Najeriya, ARCEP a Nijar, ita ke faɗin zangon da aka halatta da iyakar ƙarfin da za a watsa. Wannan rabe-rabe yana fitowa a jarrabawa, kuma a nan ba mai kama ƙafarsa.

Matsalarsa tana farawa ne idan tambaya ta zo da labari. A ce ga wani babban sito, ga na'urori biyu a kusurwa biyu, kowacce tana jin AP ɗin da ke tsakiya amma ba sa jin juna, saƙonninsu sai karo suke, me za a yi? Mahaddaci ya san RTS/CTS. Ya san cikakken sunansa, ya san shafin da yake, ya san a ƙasan wani zane yake ta hannun hagu. Abin da bai taɓa faɗo masa ba shi ne wannan sito da wancan shafi maganarsu ɗaya. Shi ne kuma wanda kawunsa zai kira ya duba Wi-Fi ɗin gida, ya tsaya gaban rauta ya yi bayanin minti 20, daga ƙarshe autan gidan ya zo ya kashe soket ya kunna, abu ya dawo.

Lauya shi ma masani ne, sai dai saninsa ya zame masa kaya. Ba ya amsa tambaya sai ya yi mata shari'a. An ce tashoshi uku ne ba sa hawa kan juna, sai ya ɗaga hannu: “Malam, ai wannan a Amurka ne, inda a aikace aka tsaya a tasha 11. A Turai akwai har 13, wasu ma suna amfani da 1 da 5 da 9 da 13, Japan kuma tana da ta 14.” An ce sigina mai ƙarfin dBm -67 ake nema inda za a riƙa kiran murya, sai ya ce in ji wa, ai ba ya cikin ƙa'idar IEEE, al'adar masu tsarawa ce. Duk daidai ne. Amma a ɗakin jarrabawa babu alƙali, allo ne kawai da agogo, kuma rabon kowace tambaya minti ɗaya da rabi. Lauya kan fito yana rantsuwa cewa tambaya biyar ba su da amsar kirki. Goman da lokaci ya ƙare bai kai gare su ba, waɗannan ba ya kawo zancensu.

Akwai kuma wanda ya shigo harkar kwamfuta musamman don ya tsere wa lissafi, sai ga lissafi ya biyo shi har ɗaka. Yana karatunsa cikin nishaɗi har ya iso babin desibel, ya hango logaridim, ya rufe littafi ya ce zai dawo. Ba ya dawowa. Tsallakewa yake ya ci gaba, yana addu'ar kada a tambaya, alhali kusan duk abin da ke gaba, daga eriya har awon sigina a cikin gini, da wannan ma'auni ake maganarsa.

Abin takaicin, dodon da yake gudu bai kai ya kawo ba. Ƙa'ida biyu ce, ta 3 da ta 10. Ƙarin desibel 3 ninki biyu ne, ragin 3 rabi. Ƙarin 10 ninki goma, ragin 10 kashi ɗaya cikin goma. Mafari kuma, dBm 0 daidai yake da miliwat 1. To AP mai fitar da miliwat 100 yana kan dBm 20. Kebul ya cinye 3, saura 17, wato miliwat 50. Eriya ta ƙara 10, an koma 27, wato miliwat 500, tare da tuna cewa eriya ba ƙirƙirar ƙarfi take ba, tattara shi take ta nufi gefe guda da shi. Ba logaridim, ba kalkuleta. Ranar da wani ya zaunar da shi ya zana masa wannan a bayan ambulan, haushi ne ya fara kama shi, haushin watannin da ya ɓata. Daga nan kuma sai ya koma abin gudu, domin duk wanda ya gamu da shi, ko a bakin masallaci ne, sai ya tambaye shi dBm 23 miliwat nawa ne.

Mai rumbu shi ba ya gudun komai, tarawa yake. Laftof ɗinsa cike da littattafai, memori uku cike da bidiyo, ya yi rajistar kwasa-kwasan kyauta da shi kansa bai san adadinsu ba. Duk mai neman wani abu a kan Wi-Fi wurinsa yake zuwa, kuma ba ya rowa. Har babban littafin nan na David Coleman da David Westcott, wanda ya haura shafi 1,000, yana da shi. Ga shi can a kan teburi, shafi 40 na farko sun sha ja-layi kala uku, saura ko lanƙwasa ba a yi musu ba, kuma a kansa ake ɗora laftof don ya sha iska.

Da ma ya san abin da ya tara, da da sauƙi. Jarrabawar tana sauya lamba duk bayan 'yan shekaru, 107, 108, 109, kuma kowane sauyi yana shigo da sabo ya fitar da tsoho. Littafin da aka buga kafin 2018 bai san tsarin tsaro na WPA3 ba. Wanda aka buga kafin Afrilun 2020, lokacin da FCC ta buɗe wa Wi-Fi zangon gigahaz 6, ba shi da labarin kirki a kan Wi-Fi 6E. Idan aka gaya wa mai rumbu haka sai ya ce ai da tsohuwar zuma ake magani. Yana da 'yar gaskiyarsa, tunda yadda sigina ke raunana da nisa bai taɓa sauyawa ba: a fili, duk sanda tazara ta ninka, desibel 6 ke tafiya. Masu rubuta tambaya ne dai ba su da wannan kara.

Ɗan'uwansa na kusa shi ne mai jadawali, wanda kan ɓata mako guda yana zana tsarin karatu mai launi-launi, ya manna a bango, ya saɓa masa ranar Talata, ya zauna zana sabo.

Ɗan ekspo ba shi da lokacin duk wannan. Tun daga sakandare ya yi imani kowace jarrabawa tana da ƙofar baya, aikin mai wayo kawai shi ne ya gano mai riƙe da mabuɗi. Yakan tura wa wani da bai taɓa gani ba kuɗi a turo masa tambayoyin da aka ce “su za su fito”, ya zauna ya haddace cewa ta 17 amsarta C ce. Ba wanda ya tantance waɗannan amsoshi, ba wanda ya san na wane zubi ne, shi kuwa ba shi da ilimin da zai gane idan an yi masa cushe. Da za a rubuta masa cewa WEP ya isa tsaro, haka zai haɗiye, alhali tun 2001 masu bincike uku, Fluhrer da Mantin da Shamir, suka nuna yadda ake fasa shi. Ga shi kuma duk mai zama jarrabawar sai ya amince da sharaɗin ba zai fitar da tambayoyi ba, wanda aka kama da maguɗi kuwa ana iya soke takardarsa. Amma a ce ma ya haye. Tambaya biyu ake yi wa mutum a intabiyu a gane ko ya san aikin. A ce masa, “Yi mana bayanin saƙonni huɗun da waya da AP ke musaya a WPA2 kafin su kulle hirarsu,” musayar nan da Mathy Vanhoef na jami'ar Leuven ta Beljiyam ya bankaɗo rauninta a 2017 har duniya ta ɗauka. Ɗan ekspo zai yi shiru, zuciyarsa na ce masa C.

Wanda ya fi kowa ban tausayi, ya kuma fi kowa ban sha'awa, shi ne mai ɗakin gwaji. Ya ji an ce gani ya kori ji, ya ɗauki maganar da gaske. Albashi na shiga sai Farm Centre, ko ya buga wa wani aboki a Computer Village ta Ikeja waya a sako masa kaya a mota. Ɗakin baƙi ya tashi daga na baƙi. AP na hannu huɗu a kan katifa, shuɗin kebul ya bi ta ƙarƙashin ƙofa ya ratsa falo, duk mai wucewa sai ya ɗaga ƙafa.

Darasin farko da kayan suka koya masa ba ya cikin shirinsa. AP irin na manyan ma'aikatu ba ya zuwa da abin sawa a soket, ta kebul ɗin sadarwa yake shan wuta. Ya sayo abin ba shi wutar, fitila ta kama, amma akwatin ya ƙi sakin jiki. Sai da ya raba dare yana bincike ya gano abin da ya sayo na tsohuwar ƙa'ida ne, 802.3af mai ba da wat 15.4, shi kuwa akwatin 802.3at yake nema mai wat 30. Wani akwatin ya kama lafiya, amma ya ce ba zai yi aiki ba sai ya ga na'urar da ke shugabantarsa, ko a biya masa lasisi. Mahaddaci ya san waɗannan lambobi tuntuni. Mai ɗakin gwaji dai da kuɗinsa ya saye su, don haka ba ranar da za su fita daga kansa.

Sai daren da ya samu 'yar na'urar USB mai iya sauraren iska, domin ba kowacce ke yi ba, ya buɗe manhajar Wireshark a Linux, ya ga layuka suna kwararowa. Ƙarfe ɗaya na dare, inbata ta fara kukan batir, unguwa ta yi tsit, amma allo na nuna masa iskar ɗakin cike take da surutu. Kowane AP na maƙwabta yana shelar kansa kusan sau goma a daƙiƙa, duk bayan milisakan 102.4, mai shi kuwa ya yi nisa a barci. Ga rautar mai kanti, ga ta gidan Alhaji, ga wata tsohuwar waya tana ta kiran sunan Wi-Fi ɗin wani wuri da ta taɓa zuwa. Daɗi ya hana shi haƙuri, ya je ya taso uwargida ta zo ta gani. Ta dubi allon, ta dube shi. “Maigida, wannan ne ya cinye kuɗin gas?”

Washegari ya ɗauki waya yana auna sigina ɗaki-ɗaki yana rubutawa. Bayan ƙofar katako ta ɗan ragu, bayan bangon bulo ta faɗi sosai, bayan tankin ruwa kusan ta ɓace. Ya jera yara tsakaninsa da AP don ya tabbatar cewa jikin mutum, da yake yawancinsa ruwa ne, yana shanye sigina. Ya tabbata, yara suka nemi ladan tsayuwa. Wannan bawan Allah zai ci jarrabawa idan ya tuna ya yi rajista. Haɗarinsa kawai shi ne ya shafe wata uku yana tonon abu ɗaya mai daɗi da ba zai wuce tambaya guda ba, ya bar babin dokoki da hukumomi da ke gundurarsa.

Ɗan kamfani guda ba ya buƙatar dogon bayani. Idan na MikroTik ne, kowace amsa tasa daga Winbox take farawa. Idan na Ubiquiti ne ko Cisco, haka. Yana karanta tambaya yana laluben sunan abin da ya saba gani a allo, in bai samu ba sai ya ce jarrabawar ba ta san aiki ba. Kusa da shi a aji akwai wanda ofis ya turo, wanda tambayarsa ta farko ita ce ƙarfe nawa ake shan shayi, ta biyu kuma ko takardar halarta kaɗai ta isa a kai wa akanta. A yi adalci dai a ware ɗan Yamai ko Maraɗi da ya yi karatunsa da Faransanci. Shi jarrabawa biyu yake yi a zama ɗaya, ta Wi-Fi da ta Ingilishi, musamman a tambayoyin da kowace amsa ke da ƙamshin gaskiya ana neman wadda ta fi dacewa, kuma ba a cika jin bakinsa ba.

Sarkin gobe kuwa ya fi shekara yana “saura kaɗan”. Ya gama littafi, ya yi gwaje-gwaje, yana samun sama da kashi 80, amma ranar jarrabawarsa ba ta tsayawa wuri ɗaya. Bayan azumi. Bayan sallah. Bari a gama bikin ƙanwa. Bari zafi ya ragu. An ce ai irin waɗannan jarrabawowi ana yinsu a gida gaban kyamara, sai ya ce in aka ɗauke wuta fa, in yaro ya banko ƙofa mai sa ido ya soke fa? An ce to ga cibiya, sai ya ce hanya. Uzurinsa mafi ƙarfi, wanda ba mai iya musawa, shi ne dala, domin da ita ake sayen baucar jarrabawa. Kafin Yunin 2023 farashinta na hukuma bai kai naira 500 ba, a farkon 2024 ya haura 1,500. Wanda ya ce bari ta sauko yana zaune kuɗin jarrabawarsa ya fi ninki uku. Mai bi masa a sarauta shi ne wanda ya daure ya sayi baucar, ya adana ta da kyau har wa'adinta ya ƙare.

In aka tona, tsoro ne ke damun sarkin gobe, ba lalaci ba. Muddin bai zauna ba, shi ne ya fi kowa sani a ofis. Ranar da ya zauna ya ci 41 maimakon 42, ya zama wanda ya faɗi. Ƙaninsa shi ne mai fafe gora ranar tafiya, wanda ya yi rajista da wuri don ya tilasta wa kansa karatu, sannan ya buɗe littafi daren jarrabawa da shayi da goro.

Tun kafin a kai ga zama, wasu kan kamu da wata cuta da ba a samo maganinta ba: kallon silin. Ana gane mai ita da zarar ya shiga banki ko asibiti ko filin jirgi. Kowa na neman layi, shi kansa na sama yana neman AP. Da ya gano shi sai ya girgiza kai. An maƙala shi a bango alhali don silin aka ƙera shi. An ɓoye shi bayan talabijin. An jera uku a baranda ɗaya suna kallon juna, ɗakunan da mutane ke ciki kuwa ko oho. A wurin walima ana hirar siyasa, shi ya zaro waya yana nuna wa na kusa da shi cewa mai wannan zaure ya sa Wi-Fi ɗinsa a tasha 3, ya ɓata wa 1 ya ɓata wa 6. Wanda ya yi kuskuren cewa Wi-Fi ba ya aiki zai sha tambaya: Wi-Fi ne ba ya aiki ko intanet? Wanda ya yi alfahari da rautar da aka rubuta megabit 300 a kwalinta zai ji cewa abin da zai samu a zahiri da wuya ya wuce rabin haka da yawa, tunda jira da amsa saƙo da shela duk a cikin lokacin iska ɗaya ake cire su. Duk abin da yake faɗa gaskiya ne. Shi ya sa ba a son zama kusa da shi.

A aji kuma akan samu wadda ba a lura da ita. Sau da yawa ita kaɗai ce mace, tana zaune daga gefe, kuma ranar farko wani ya tambaye ta ko ita ke rubuta sunaye. Ba ta da rumbu, ba ta da ɗakin gwaji. Abin da ta fara yi shi ne sauke takardar manufofin jarrabawa, wadda CWNP ke bayarwa kyauta, 'yan shafuka ne da ke jera abin da za a tambaya da nauyin kowane fanni. Mai rumbu yana da wannan takarda har kwafi uku, bai taɓa buɗe ko ɗaya ba. Ita ta buga ta, ta sa a jaka, tana bin ta layi-layi da biro: wannan na gane, wannan da saura. Awa ɗaya bayan asuba, kafin gida ya tashi. Idan ta faɗi tambaya a gwaji, ba ta wucewa sai ta gano abin da ya hana sauran amsoshin zama daidai. Ta ari AP ɗaya wurin mai ɗakin gwaji, ta bar ɗan kan tsani ya ba ta labarin darbejiya, wanda da ma mai saurare yake nema. Ba wanda ya san ranar da ta sa. Sai dai aka ga ta turo hoton sakamako da “Alhamdulillah”, aji ya rikice da barka, ɗan ekspo kuma ya bi ta gefe: “Hajiya, don Allah a ina kika samu taki?” Ta ce karatu ta yi. Har yau yana ganin rowa ta yi masa.

Saura wanda ya riga ya ci amma bai warke ba. Kafin ya bar harabar cibiya ya ƙara haruffa huɗu bayan sunansa a LinkedIn, cikin mako ya sauya katin ofis, da za a bar shi har a katin gayyatar suna zai sa. Yanzu idonsa na kan CWNE. A nan ne zai tarar da abin da bai zata ba, domin wannan matsayi ba a samunsa da zaman gaban allo. Bayan cin jarrabawowin tsaro da tsarawa da bin diddigi, sai mutum ya nuna shekarun da ya yi yana aikin da hannunsa, ya rubuta bayanin ayyukan da ya yi, ya kawo waɗanda za su tsaya masa shaida, kwamiti ya duba. Wanda aka amince da shi lamba ake ba shi bi da bi, kuma a duk faɗin duniya masu wannan lamba ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba.

Mai niyya ya sani, haka ma wanda ya riga ya rataye tasa a bangon falo: takardar CWNA shekara 3 take yi. Kafin wa'adin ya cika, ko dai mutum ya ci ɗaya daga cikin na samanta, ko ya koma ya sake zama sabon zubin da ake yayi a lokacin, kuma da dala zai biya.